Jikan Soja a Kan Tsanin 'Yan Kwana-Kwana

Abubuwa da yawa sun same ni a zaman London ɗin nan, wasu ma da gangan na share su daga kaina, amma ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka yaye 'yata daga horon kwana-kwana ba. Ko na so in manta, Hajiya, maiɗakina, ba za ta bari ba. Har yau in ta ga na ɗauko manyan kaya zan sa, sai ta yi gyaran murya ta kau da kai.

Ni direban bas ne, irin jar bas ɗin nan mai bene. Na shekara ashirin da ɗoriya ina kai da komo tsakanin Plumstead da Thamesmead. Asalina mutumin Haɗeja ne. Abu na uku kuwa, duk wanda ya taɓa shan shayi da ni ya san shi, wato ni jikan soja ne. Ba sai ka tambaya ba, zan gaya maka. Na gaya wa abokan aikina a gareji, na gaya wa likitan haƙorina, na taɓa gaya wa wani fasinja da ya tambaye ni hanya kawai.

Kakan nawa, Baba Kofur muke ce masa, an ɗauke shi soja yana saurayi, lokacin da Turawa ba su daɗe da kama ƙasarmu ba. Na riske shi da rai, ya tsufa tukuf, amma in ya miƙe tsaye bayansa a miƙe yake sambal. Yakan ba mu labarin ranar da aka ɗauke su: an jera su a rana ba riga, Bature ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana auna ƙirji, yana buɗe baki ya duba haƙora, sannan aka ɗora musu kaya a ka aka ce su yi gudu. Wanda ya yi haki, a ce ya koma gida. Wanda ya tsira, a ba shi jar dara da kaki, takalmi kuwa babu. Wannan ɓangaren shi nake ba mutane, har da ɗan ƙarin gishiri. Akwai wani ɓangaren da tsohon ya fi nanatawa, cewa an daɗe ba a ba su bindiga ba, sai ɗaurin ɗamara da naɗin ƙafa kawai. Ka ɗaura, saje ya zo ya fizga, in ta kwance ka sake. Wannan ba na ba da shi, don ba ya daɗi a majalisa.

To, sai maganar 'yar tawa. Ita ce 'yar fari, kuma sunan mahaifiyata ta ci, Allah ya ji ƙanta. Kun ga ke nan kunya biyu ta haɗu a kan mutum ɗaya. Tun ranar suna ban taɓa kiran sunanta ba. A gida “ke” ta wadatar, a waje kuma in ce “babbar” ko “yarinyar nan”. A wurina wannan girmamawa ce, haka na taso na ga ana yi. Abin da ban lissafa ba shi ne a Woolwich aka haife ta, ta taso tana ganin iyayen ƙawayenta suna tsalle a filin wasan makaranta suna kwarara sunayen 'ya'yansu. Tana ƙarama ta taɓa tambayar uwarta da Turanci, wai ko Baba ya manta sunanta ne. Da Hajiya ta gaya min, dariya na yi har da riƙe ciki.

Ta yi jami'a ta karanci kimiyyar haɗa magunguna, ni kuwa na riga na sanar da duk gareji cewa 'yata ta kusa zama babbar malamar asibiti. Rannan kawai sai ta zo ta zauna a kan darduma gabana, ta ce ta nemi aikin kwana-kwana kuma an ɗauke ta horo.

Na ce, “Kwana-kwana? Ke? Da digirinki?”

Ta ce, “Eh, Baba.”

Na ce, “Wuta fa ake kashewa, ba shayi ake dafawa ba.”

Ba ta yi musu ba, ba ta kuma fasa ba. Tun daga nan gidanmu ya cika da igiya. Ka zo zama ka tarar an ɗaure ƙafar kujera. Ka zo buɗe firji ka tarar da ƙulli a mariƙinsa. Ta ɗaura, ta kwance, ta rufe ido ta ɗaura, ta mai da hannu ɗaya baya ta ɗaura da ɗayan. Wata rana na kasa haƙuri na ce mata, “Da na san ɗaurin igiya kike so, ai da tuni na kai ki kasuwar awaki a gida.” (Na ji daɗin wannan maganar sosai a lokacin, har na maimaita ta a masallaci.)

Ana gab da yaye su ta sake zuwa ta durƙusa. Hausarta irin ta 'ya'yan nan ce, tana tafe tana tuntuɓe, amma ranar ba ta sa Turanci ko kalma ɗaya ba.

Ta ce, “Baba, ka zo ka gani da idonka. In ka gani ka ce a'a, zan ajiye. Ba zan hau motar kwana-kwana ba sai ka sa min albarka.”

Na san halinta, in ta faɗi abu ta faɗa. Watanni ta yi tana tashi da asuba tana gudu a cikin ruwa da sanyi, tafin hannunta duk ya yi kanta, amma a shirye take ta zubar da wannan duka a kan kalma ɗaya daga bakina. Ni kuwa, Allah ya yafe min, da “a'a” ɗina na tafi wurin, a shirye tsaf. Tsoro nake ji kada wuta ta cinye min 'ya, sai dai namiji irina ba ya faɗin haka, gara ya ce aikin ne bai dace da ita ba.

Ranar na ci ado na gaske: babbar riga ta shadda mai ruwan sararin samaniya, 'yar ciki, wando mai zariya, hula kube a karkace. Wurin fili ne babba, a tsakiyarsa wani dogon gini mai tagogi ba marufi, wanda suke koyon hawa a jikinsa. An jera wa iyalai kujeru. Kusa da mu wata mata 'yar Gana ce, daga zangon Hausawa na can, tana jin Hausa, ita ma ɗanta ake yayewa, nan da nan suka ƙulle da Hajiya. Can gefe kuratan suna tsaye a sahu, kaya iri ɗaya, kwalkwali iri ɗaya, ko motsi ba sa yi. Na duba na duba ban gane wace ce tawa ba.

Kafin a ba da takardun shaida, sai aka ce wasu tsofaffin ma'aikata da suka yi ritaya za su nuna yadda ake ɗaukar kurata da horar da su a farkon ƙarnin da ya wuce. Suka fito cikin baƙaƙen kaya masu maɓallai biyu-biyu, da hulunan tagulla suna walƙiya. Jagoransu wani dattijo ne mai farin gashin baki, Mista Harold, wanda ya ce shi ma kakansa aikin ya yi. Da na ji an ambaci kaka sai na gyara zama.

Mutumin nan ya iya ba da labari. Ya ce a wancan zamanin ma'aikatan jirgin ruwa aka fi so a ɗauka, don sun saba hawa dogon itacen jirgi iska tana kaɗa su, sun saba da ƙarancin barci, kuma in an ba da umarni ba sa cewa don me. A tashar suke kwana, can iyalansu suke zaune, ƙararrawa na bugawa a ɗaura wa dawaki keken ruwa a fita. Ranar ɗauka a auna tsawonka, a auna ƙirjinka, a kai ka gaban wani ƙaton tsani mai ƙafafun keke a ce ka ɗaga shi kai kaɗai. Ya nuna da hannu wajen Woolwich ya ce a barikin can ma haka ake auna samarin da suka zo shiga soja. Na zunguri Hajiya na ce, “Kin ji ko? Daidai da na Baba Kofur.”

Sannan suka fito da wani siririn tsanin katako mai ƙugiyar ƙarfe a kansa. Wani tsoho, wanda na tabbata ya girme ni, ya maƙala ƙugiyar a taga ya hau. Ya zauna a bakin tagar ƙafa ɗaya a waje, ya jawo tsanin ya ɗaga shi sama ya maƙala a taga ta gaba, ya sake hawa. Haka ya yi ta yi har ƙololuwar ginin. Wallahi bakina a buɗe yake. Na tuna cewa waɗanda suka yi wannan a da, cikin hayaƙi suka yi shi, don su fito da mutanen da ba su san ko sunansu ba, sai na ji tsigar jikina ta tashi. Amma da na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, “Kin gani? Aikin maza ke nan.”

Daga nan Mista Harold ya ɗauko igiya. Ya ce kafin a bar kurtu ya taɓa tsani, sai ya daɗe yana koyon ƙulli, don ran mutum a jikin ƙulli yake rataye. Na ce a raina, to, an zo wurin kasuwar awaki. Na tashi na tafi kama ruwa in yi alwala, tunda azahar ta gabato. Ina ciki na ji an ɓarke da tafi, na ce kada a yi abin kallo ba ni, sai na zarge zariyata sama-sama na fito da sauri.

Na tarar ana neman wanda zai gwada daga cikin iyaye. Ba tsanin ƙugiya ba, tsani ne sosai da aka jingina zuwa tagar bene na biyu, kuma da igiyar tsaro da wani yake riƙe da ita daga sama. Ba wanda ya tashi. Sai na ga hannuna a sama.

Hajiya ta kama gefen rigata ta ce, “Alhaji, don Allah zauna. Kai da ko ƙwan fitila ya mutu ni nake hawa kujera?”

Na ce, “Sake ni. Yau yarinyar nan za ta ga abin a jini yake.”

Dabarata ita ce in hau in sauko ina murmushi, in an jima in ce mata, kin gani, ni da ban yi horon kwana ɗaya ba na yi, saboda haka ki koma wa digirinki. Na fita gaban jama'a na sanar da cewa ni jikan soja ne. Aka tafa. Mista Harold ya ba ni hannu da girmamawa, sannan ya ce sai dai in cire babbar riga, don za ta harɗe ni. Na so in yi gardama, dattijo ba ya tuɓe riga a taro, amma idanu sun yi yawa. Na cire na miƙa masa, na rage daga ni sai wando da 'yar ciki wadda da ƙyar ta rufe ƙugu.

Don nishaɗi ya ɗauko abin awo ya auna ƙirjina kamar yadda ake yi wa kurata. Na ja numfashi, na haɗiye tumbina gaba ɗaya na tura shi sama. Ya ce na ci jarrabawa. Ina cikin wannan halin ya ɗaura min wata faffaɗar ɗamarar fata wadda ake maƙala igiyar tsaro a jikinta, ya tambaya ko ta matse. Na ce ya ƙara ja ma. (Duk mai tumbi ya san abin da ban tuna ba a lokacin: rabin aikin riƙe wando tumbi ne yake yi, zariya taimako kawai take bayarwa.) Daga ƙarshe ya maƙala min ɗan makirfo a wuyan riga, wai in riƙa gaya wa jama'a yadda nake ji.

Na fara hawa. Da farko lafiya lau, har ina jawabi. Na ce musu wannan ai wasan yara ne, kakana da kaya a ka yake irin wannan. Na wuce taga ta farko ana tafi. Na kusa ta biyu, na ɗaga ƙafa zan taka, sai na ji wani abu ya saki a ƙuguna, wata iska mai sanyi ta shiga inda ba a gayyace ta ba.

Allah ya taimake ni hannuna ya riga hankalina. Na cafke wandon ya riga ya fara tafiya. Ku kuma san irin wandonmu, in ya tashi tafiya ba ya tsayawa a gwiwa, sai idon sawu. Abin da ke ƙarƙashinsa kuwa wani gajeren wando ne da abokan aikina suka ba ni don tsokana, mai zanen jajayen bas-bas tun daga gaba har baya. Yana da laushi, shi ya sa nake sa shi, ban taɓa zaton zai nemi fitowa taro ba.

Ga ni nan, hannu ɗaya a tsani, ɗaya a wando. Hawa yana son hannu biyu, sauka ma haka. Ɗaurin zariya shi ma hannu biyu yake so. Na tsaya cak.

Daga ƙasa Mista Harold ya ce da Turanci, cikin lallashi, in kama tsanin da hannu biyu, kada in dubi ƙasa. Da ya ce kada in duba sai na duba. Mutane suka koma ƙanana, filin ya fara juyawa. Don haka ba zan yi muku ƙarya in ce wando ne kaɗai ba. Da wando aka fara, amma tsoro ya zo ya same shi.

Dattijon nan mai kirki ya juya ya gaya wa jama'a cewa wannan ba abin kunya ba ne, kurata da yawa sun daskare a daidai wurin nan, har da manyan ƙarti 'yan jirgin ruwa. Wato yanzu jikan Baba Kofur ake ba wa uzuri a lasifika. Ya ce bari ya hau ya sauko da ni. Na ce a'a da ƙarfi. Yaya zan yi wa Bature bayanin zariya, a sama, da Turanci, a gaban mutane? Mutum ɗaya ne a filin nan ya iya hawa tsani kuma ya san mene ne zariya.

Na juya wajen sahun kuratan na ce, “Ke!”

Lasifika ta ɗauka ta watsa. Hajiya ta miƙe tsaye. Matar nan 'yar Gana ita ma ta miƙe. A cikin sahu ko kwalkwali ɗaya bai motsa ba.

Na ce, “Ke yarinyar nan! Ke nake kira!”

Shiru. Yatsuna sun fara sanyi, shaddar kuma santsi gare ta, ina ji tana zamewa kaɗan-kaɗan. Mista Harold ya ɗaga kai ya ce, “Wa kake so, yallaɓai? Ba ni suna. Ba wanda zai fita daga sahu sai an kira shi da suna.”

Sunan yana nan a bakina, ya yi shekaru a wurin. Sunan matar da ta goya ni ne, wadda ko a mafarki ban taɓa kiranta da shi ba. Na ji kamar in na furta shi duk dattawan Haɗeja za su juyo su dube ni. Na auna wannan da jajayen bas-bas, na ce Inna ki yafe min, na rufe ido na buɗe maƙogwaro.

“Ramatu! Ramatu, zo!”

Da makirfo a wuyana, ina jin har Thamesmead an ji. Kwalkwali ɗaya ya juya wajen jami'insu, jami'in ya gyaɗa kai, sai na ga mutum ya fito daga sahu a guje. Na sha ganin mutane suna hawa tsani, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Ba ta yi gaggawa ba, ba ta kuma ɓata lokaci ba, hannu da ƙafa suna tafiya tare, tsanin ko girgiza bai yi ba. Kafin in sake numfashi ta iso bayana, ta zagaye ni da hannuwanta ta kama tsanin dama da hagu, ta kare ni daga idon jama'a.

Ta ce, “Baba, na zo. Jiri ne?”

Na sassauta murya iyakar iyawata na ce, “Ba jiri ba ne. Zariyata ce ta kwance, wando zai tafi.”

Na manta da makirfo. Maganar ta fita tar a lasifika, har da amsa-kuwwa. Turawa suka yi tsit, suna zaton addu'a nake yi. Sai wata dariya ta tashi daga wajen kujeru, irin wadda mutum yake yi har ya shaƙe, na san 'yar Gana ce. Hajiya kuwa, an ce min, mayafinta ta ja ta rufe fuska gaba ɗaya.

Ramatu ta sa yatsa ta kashe makirfon. Na ji kafaɗarta ta ɗan girgiza, amma ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata. Ta zaro wata gajeriyar igiya daga aljihunta. Hannu ɗaya yana riƙe da tsani, idonta a kan bango don kada ta dube ni, ta zagaya igiyar a ƙuguna ta saman wandon da ɗaya hannun, ta murɗa, ta zura, ta ja. Ƙullin nan ne dai da na sha gani a ƙafar kujerata.

Ta ce, “Saki wandon, Baba.”

Na ce, “Ba zan saki ba.”

Ta ce, “Baba, ɗaurina ba ya kwancewa. Saki.”

Ban taɓa jin wannan muryar a bakinta ba. Babu tsawa a ciki, amma irin muryar da mutum yake bi ne ko cikin hayaƙi. Na saki. Wando ya tsaya daram. Muka fara sauka, tana ƙasa da ni kaɗan, tana gaya min ƙafar da zan sauke, ni kuma ina bi kamar ɗan koyon tafiya. A nan ne, ina tsakanin sama da ƙasa, na gane cewa watarana wani uba ko wata uwa za su ji muryar nan a bayansu, a ranar da ta fi kowace muni a rayuwarsu, su samu natsuwar da na samu. Ni kuma da “a'a” na zo in hana su.

Muna taka ƙasa Mista Harold ya sanar da cewa jama'a sun ga ƙullin 'yan jirgin ruwa, an yi shi da hannu ɗaya a kan tsani, kuma ko a zamanin kakansa sai kurtun da ya ƙware yake iya haka. Aka tashi tsaye ana tafi. Ya miƙo min babbar rigata da sauri fiye da yadda ya kamata, ya ƙifta min ido, daga nan na san tsohon bai ji Hausa ba amma ya ga komai. Na zura riga na koma kujerata ina kallon takalmina.

'Yar Gana ta leƙo tana share hawaye ta ce, “Alhaji, sannu. Wando ya dawo gida lafiya? Kai, yarinya nan ya yi ƙoƙari!”

Bayan an ba da takardu an watse, Ramatu ta zo ta tsaya gabana, kwalkwali a hammata, tana jiran hukunci. Ni kuwa don in ɗan farfaɗo da girmana sai na ɗaure fuska.

Na ce, “Ba ki ji ina kira ba ne tun farko?”

Ta ce, “Na ji tun ‘ke’ ta farko. Amma a sahu suna ake amsawa. Kuma na ga igiyar tsaro tana riƙe da kai, na san ba za ka faɗo ba.” Sannan ta ƙara da cewa, “Wallahi da na san wando ne, da na zo ko za a kore ni.”

Hajiya ta juya baya kafaɗunta suna rawa. Ramatu ta sunkuyar da kai, ta ƙara da wata magana a hankali, da Turanci wannan karon, wai ba ta taɓa jin yadda sunan yake a bakina ba, tana so ta ji ne ko sau ɗaya.

Wannan ta fi tsanin kayar min da gaba. Shekara da shekaru ina ganin girmama ta nake yi, ashe ita jira take. Na dafa kanta, a gaban Turawa da 'yan Gana da kowa, na ce, “Ramatu, Allah ya yi miki albarka. Duk inda ƙararrawa ta kira ki, Allah ya kai ki lafiya ya dawo min da ke lafiya.” Ba da makirfo na faɗa ba, amma ta ji, don sai da ta ajiye kwalkwalin ta share ido.

Da igiyar a ƙuguna na koma gida. Na shiga ɗaki na yi ta fama da ƙullin, da farce, da haƙori, ya ƙi. Sai da na leƙo na kira ta (da suna, tunda an riga an ɓare), ta zo ta tura wani gefe da babban yatsa, ya warware nan take. Washegari aka same ni zaune a ƙasa da igiya da ƙafar kujera, kurtun da aka yaye jiya tana tsaye a kaina tana cewa in sake.

Yanzu in na ba da labarin Baba Kofur, da ɗaurin ɗamara nake farawa, don na gane tsohon ya san abin da yake nanatawa. Ashe ba a gadon soja a jini, wanda ya sha horo shi ne magajin, kuma a gidanmu ba ni ba ne. Hajiya ta kwashe wandunana ta kai wa wani tela a Stratford ya sa musu roba, ba tare da ta nemi shawarata ba. Ramatu tana aikinta, ni kuma duk lokacin da na ji jiniya a bayan bas ɗina, nakan kauce da wuri in bi motar da addu'a har ta ɓace.

Wani lokaci tsohon hali yakan motsa in ce “ke”, ita kuwa sai ta ci gaba da abin da take yi kamar ba ta ji ba, har sai na gyara. Shawarata ga iyaye 'yan uwana ita ce, in akwai sunan da kuke riƙe da shi a baki, ku kira shi tun kuna ƙasa, hannuwanku biyu a sake. Kuma in an zo darasin ƙulli, a daure a zauna, alwala za ta iya jira.